Sunan da Inna Ba Ta Kira

Jiya jikata ta ɗora manja a wuta ta watsa albasa, ƙamshin ya biyo ni har ɗaki inda nake miƙe da ƙafafun nan nawa masu ciwo. Na ɗaga murya na ce ta rage wuta kada ya ƙone, ta ce ai a kan gas take. To, gas ko murhu, manja dai manja ne. Ƙamshin nan bai taɓa samuna ya bar ni inda nake ba. Sai ya ɗauke ni ya ajiye a Gaya, a tsakar gidanmu na gangaren gulbi, zamanin da Nasara ke shirin tattara nasa ya nasa, ina yarinya da ɗan zanena ɗaure a wuya.

Lokacin ba a gama gada ba. Bak ne, wato babban jirgin fito, ke ɗaukar kamiyo, manyan motocin kaya, ya ƙetarar da su Malanbil ta ƙasar Dahome, su tafi shaƙe da buhunan gyaɗa, su dawo da goro da gishiri da garewanin manja. Babanmu kafinta ne, rabin aikinsa a bakin ruwa yake, yau gyaran katakon bak, gobe toshe jirgin wani Basarke masunci. Asalinmu mutanen ƙasar Arewa ne, wajen Dogon Dutsi. Can Baba ya karɓi addinin Almasihu tun yana saurayi, ya auri Inna, ya ɗauko tsohuwarsa, wato Kakarmu, suka gangaro Gaya neman abinci. Kiristocin garin kaf, ko ka haɗa mu da 'yan Dahome ma'aikatan duwan, wato kwastan, da na gidan waya, inuwar mangwaro ɗaya ta ishe mu. Ɗakin sujadarmu na laka ne da jinka, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a reshe.

Kada ku ɗauka zaman kaɗaici muke yi. Katanga ɗaya muke da gidan wani falken goro, matarsa muke ce wa Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Washegarin Layya, kafin mu wanke ido, cinyar rago ta shigo gidanmu. Ranar Nowel kuma, wadda ku kuke ce wa Kirsimeti, kwanoninmu ne ke yawo a unguwa. Shinkafar Inna kuwa suna gare ta. Sabuwar shinkafar fadama ce, da manjan ƙetare, da bandar kifi ta Sarkawa, da daddawa da tattasai, sauran kuma hannunta ne, don na ga mata sun zauna sun kalli yadda take yi sun je sun gwada, bai yi ba. Mijin Gwaggo, mutum mai ɗaure fuska, tun ana saura wata yake tsayar da Baba a ƙofar gida yana tambaya, wai yaushe ne sallar taku ma.

Yayana namiji shi ne ɗan fari, sai ni, sai ƙannena biyu. A nan ku na yanzu sai an yi muku bayani. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki ba ita ce za ta ruga ba. Kunya ce, kuma macen da ba ta da ita sai an yi da ita a bakin rijiya har ta gaji. Tun da aka yaye Yaya ya koma ɗakin Kaka. In Inna na son sa sai ta ce "kai," ko ta ce da ni in kira mata ɗan tsohuwa. Na tashi a gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko da kuskure. Shiga addinin Almasihu bai taɓa wannan al'ada ba. Kaka ma, da ta fi kowa murya a waƙar sujada, ita ce ta fi kowa tsaron ta.

Amma ni mai ido ce tun ina ƙarama, ba a ɓoye mini abu a madafa. Duk ranar da aka dafa shinkafar manja, ƙanzon gindin tukunya, wanda ya sha mai ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, ba ya zuwa hannun kowa sai Yaya. Inna za ta kankare shi a ƙwarya, ta haɗe rai, ta ajiye kusa da shi ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Kai, kawar mini da wannan, ko in zuba wa kaji." Kajin gidanmu dai har suka tsufa ba su san ɗanɗanonsa ba. Ni kuwa in koma gefe in yi ta kumbura, sai Yaya ya gutsuro ya miƙo mini ta bayansa, yana kallon wani waje kamar ba shi ba.

A ƙarshen daminar shekarar da nake ba ku labari, gulbi ya ci Yaya. Ya bi wani jirgin kaya zuwa ƙetare, hadari ya taso, jirgin ya kife. Sarkawa ne suka same shi can wajen Tunuga. Ba zan tsaya a nan ba, don har yau ba na son wurin. Abin da nake so ku sani shi ne yadda aka yi zaman makoki. Kaka ta yi kuka har muryarta ta dushe. Baba ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ta yi kuka, ni ma na yi har na gaji. Inna kuwa ta zauna a ƙofar ɗakinta, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa. Mata suka yi ta yaba mata, wai ga mace mai kunya, ga mai haƙuri, ɗan fari ya tafi ko gezau ba ta yi ba. Da kunnena na ji su.

Yabon nan ne ya kusa raba mu da uwa. Ba ta kwanta ciwo ba, raguwa ta riƙa yi kaɗan-kaɗan. Ta fara daina waƙa a bakin turmi, daga nan ta daina dakan. In ta yi miya, ko gishiri ya yi yawa ko babu shi sam. Daga baya ta bar murhun gaba ɗaya, Kaka ta karɓa da tsufanta, Gwaggo na miƙo mana kwano ta kan katanga. Sai Inna ta wuni zaune tana kallon ƙofar gida, in ka yi mata magana ta dube ka kamar daga nesa. Zanenta ya fara zagaye ta har da saura. Baba ya kai ta likita, aka dudduba, aka ba ta kinin, aka ce jikinta ba komai. Gwaggo ta ce da Kaka mu yi ta namu roƙon, su ma suna sa ta a nasu.

Labari ya kai Arewa. Da sanyi ya fara shigowa sai ga Kawu, wan Inna, ya sauko daga bayan kamiyo. Mutumin kirki ne, yana son ƙanwarsa, kuma shi bai bar addinin kakanni ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya ce da Baba iskokin gidansu ne ke nemanta tun da ta juya musu baya, a ba shi ita ya kai ta gida 'yan bori su yi mata girka. Baba ya roƙe shi ya bari Nowel ta zo tukuna. Kawu ya yarda. Ya ce zai ƙetara Dahome sayayya ya dawo ranar bikin, in ya tarar da ita yadda ya bar ta, da ita zai hau mota, mu yara mu zauna gidan ubanmu. A gabanmu aka yi maganar, kuma Baba bai yi musu ba, don abin da Kawu ya gani shi ma ya gani. Na san matan da aka kai gida irin wannan kaiwar, ban san wadda ta dawo ɗakinta ba.

Lokacin nan ne gulbi ke cika ya batse, ruwansa ya yi duhu ya kwanta, sanyin safe ya sa kowa neman bakin wuta. Ana yankan shinkafa a fadama, tsuntsaye na tashi garke-garke. Muna da wata al'ada a 'yar jama'armu. Makon da ke gaban Nowel, kullum da la'asar sai a taru a gida ɗaya a yi addu'a, gobe a koma wani gidan. A shimfiɗa tabarmi, a yi waƙa, maigida ya ambaci mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, a ɗora su a hannun Ubangiji kafin sabuwar shekara. Maigida ne ke ambaton, ba matarsa ba, saboda haka kunyar kowa a rufe take. Gidanmu ne ya zo na ƙarshe, ranar jajibere. Ni dai duk makon nan addu'ata ɗaya ce, kada Kawu ya tafi da Inna. Har na roƙi Yesu ya sa bak ya lalace Kawu ya maƙale a ƙetare, amma bai biye mini ba.

Mai bishararmu ya tafi ƙauyukan wajen Zabori, kamiyon da zai dawo da shi ya mutu a hanya. Da aka taru a gidanmu maza suka yi ta tura wa juna jagorar addu'a, sai wata baƙuwa ta miƙe. Matar sabon ma'aikacin duwan ce, 'yar kudancin Dahome, ɗiyar fasto, Madam muke ce mata. Doguwa ce mai jiki, muryarta kamar ana buga ganga. Hausarta gutsi-gutsi, sai ta haɗa da Dendanci da Faransanci ta yi gaba abinta, wanda ya gane ya gane. Ba ta daɗe da zuwa Gaya ba. Addu'a kam ta iya ta, kowa ya shaida, amma mu ɗin ba ta san mu ba tukuna.

Kaka ta fito da Inna ta zaunar da ita a ƙofar ɗaki. Aka yi waƙa, Baba ya fara ambato. Ya ambaci Kaka, ya ambaci Inna, ya ambace ni da ƙannena, sai ya yi shiru. Madam ta buɗe ido ta ce, "Saura ɗaya." Baba ya ce a hankali, "Ya riga mu." Ta ce, "Ya riga ku zuwa wurin Ubangiji, shi ma ɗan gidan ne." Sai ta tako kan tabarmi ta durƙusa gaban Inna, ta kama hannuwanta duka biyu, ta ce, "Maman yara, ke kika haife shi. Ke za ki faɗa wa Ubangiji sunansa."

Kaka ta yi gyaran murya, ta sake yi. Matanmu suka sunkuyar da kai, wata ta miƙa hannu ta ja bakin zanen Madam. A wurinmu gara ka ce mace ta cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa da ka ce ta kira ɗan fari a gaban surukarta. Ni kaina, 'yar ƙarama da ni, kunya ta rufe ni. Madam ba ta ga ko ɗaya ba, don ta riga ta rufe idonta ta shiga addu'a. Cikin Hausarta mai tuntuɓe ta ce jaririn da za mu yi wa biki gobe shi ma ɗan fari ne, uwarsa ta rungume shi, ta kira shi da sunansa, ta kuma ga mutuwarsa da idonta. Ta ce Ubangiji ya san irin wannan ciwon, ba sai an ɓoye masa ba. Ta roƙe shi ya kwance abin da ya ɗaure a ƙirjin baiwarsa. Daga nan ta yi shiru tana jira, hannuwan Inna na cikin nata.

Ina jin ƙahon bak daga bakin ruwa, ina jin taɓaryar gidan Gwaggo. Inna ta ɗaga ido ta dubi wuri ɗaya kawai, wajen Kaka. Tsohuwar nan, wadda ta goya Yaya, wadda ba ta yafe wa kowa karya al'ada, ta daɗe tana kallon surukarta. Sai ta ja mayafinta ta rufe kai, ta juya fuska ga katanga, ta ce, "Ni yau kurma ce, ɗiyata. Ban ji komai ba."

Inna ta faɗi sunan. Da farko da ƙyar ya fito, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ta sake faɗa. Na uku kiransa ta yi, kira sosai, irin wanda uwa ke yi wa yaro ya bar wasa ya shigo ya ci abinci. Ashe haka sunan yake da daɗi a bakinta, kuma shi mai sunan bai taɓa ji ba. Daga nan kuka ya ɓalle mata. Kukan makoki ne da ta hana kanta, da kuma wanda ya girme shi, tun na ranar da aka yaye shi aka miƙa wa Kaka. Ta kifa kai a kafaɗar Madam tana kiransa tana kuka, Madam na jijjiga ta tana ta addu'a cikin yarenta. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Baba ya durƙusa, sauran mutane suka bi shi, kowa na roƙo da bakinsa. Taɓarya ta tsaya a maƙwabta, sai ga Gwaggo a ƙofa da gari a hannunta. Ta tsaya ta saurara, ta share ido da gefen zane, ta ce, "Alhamdu lillahi, ya fito."

Da aka watse wata ta ja Madam gefe ta bayyana mata abin da ta yi. Madam, baiwar Allah, ta ɗora hannu a ka, ta dawo ta zube gaban Kaka tana ba da haƙuri. Kaka ta ce ta tashi, da ta sani da ba ta yi ba, Allah ne ya sa ba ta sani ba. Inna kuwa tun rana ba ta gama faɗuwa ba ta kwanta, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Ƙamshin manja ne ya tashe ni da safe. Na fito na tarar da Inna zaune a kujera gaban murhu, ramammiya, idonta a kumbure, Gwaggo na taya ta ɗora babbar tukunya. Na tsaya na saki baki. Ta ce, "Kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa, ɗauko mini ludayi mana." Ban taɓa jin faɗan da ya yi mini daɗi irin wannan ba. Aka buga ƙarfen ƙafar mota, muka je sujada da ita. Ba ta yi waƙa ba ranar, amma na ga leɓenta na motsi. Muna dawowa aka fara rabon kwanoni, ni da ƙannena muka yi ta zirga-zirga a unguwa har ƙafafunmu suka gaji.

Kawu ya sauka daga bak bayan azahar, da ƙunshin kayansa a ka. Yana shigowa na ruga na riƙe zanen Inna. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi hanya, ta sa aka kawo masa ruwa. Ya karɓa ya sha, yana kallonta. Ta koma ga tukunya, wadda ta riga ta ƙare, ta ɗauki ƙwarya ta fara kankarar ƙanzo. Duk gidan mun san na wane ne. Ta gama, ta miƙe da ƙwaryar a hannu, ta tsaya tana duban wurin da Yaya ke zama, hawaye na zuba, ba ta kuma ɓoye su ba. Sai ta juya ta ajiye a gaban Kawu, ta ce, "Kawar mini da wannan, ko in zuba wa kaji." Kawu ya ci, ya daɗe yana taunawa. Ya ga na zuba masa ido, ya gutsuro ya miƙo mini. Sannan ya ce da Baba wadda ta yi wannan ƙanzon ba ta bukatar girka. Washegari ya hau kamiyo shi kaɗai, da kwanon shinkafa ɗaure a ɗankwali.

Ba zan ce muku Inna ta warke rana ɗaya ba. Ta yi watanni tana kuka a bakin turmi kafin waƙa ta dawo, jikinta ma sai da damina ta zagayo ya cika. Kuma kada ku zaci ta zubar da kunya. Har ta bar duniya, in maganarsa ta taso, ɗan tsohuwa take cewa. Sai dai kowace shekara ranar jajiberen Nowel, in Baba ya gama ambaton masu rai, yakan yi shiru, Kaka ta ja mayafi ta juya ga katanga, Inna ta faɗi sunan sau ɗaya a gaban Ubangiji. Haka aka yi ta yi har Kaka ta tafi, har Baba ya bi ta.

Yanzu gada ta daɗe da tsufa, bak ya zama labari, majami'armu ta kwano ce da lasifika mai tashin unguwa. Addu'ar gida-gida ta ragu, kowa na sauri. Matan yanzu kuwa su kira ɗan fari da sunansa tun daga bakin titi, su sumbace shi a gaban surukai, ko a jikinsu. Nakan yi tsaki in na gani, don tsufa sai da mita, amma a zuciyata ba na ganin laifinsu. Ni dai yadda aka rene ni haka na zauna. Ɗan farina ya yi furfura, yana da jikoki, ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Amma ban jira gulbi ya karɓe shi ba kafin in faɗa wa Ubangiji. Kowace safiya da shi nake fara addu'a, ranar jajibere kuma in ƙara da na Yaya da na Inna.

Jiya da jikata ta sauke tukunya sai ta leƙo ta ce gindin ya kama, za ta jiƙa shi ta zubar. Na ce ta kuskura. Na sa ta kawo mini ƙwarya da cokali na kankare da kaina, na ce ta ɗauki salula ta kira mini wancan mutumin, babanta, ya zo ya kawar mini da shi. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, wai ke ba ki san sunansa ba ne?" Na ce na sani sarai, akwai inda nake faɗarsa.